Kwanon da Ba Shi da Akwati

Masumi ta fara jin sunan Tomie ne a bakin mahaifinta, tun tana 'yar mitsitsiya, kuma ba yabo ne ya kawo sunan ba. Wani kofinta ne mai zanen zomo ya ɓalle a baki, uwarta ta ɗauka za ta jefar, ita kuwa ta fizge abinta ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙi fitowa har abinci ya huce. Uban ya sunkuyo ya leƙa ta, ya girgiza kai ya ce, "To, mun yi Tomie a gidan nan." Haka sunan yake yawo a danginsu. Duk yaron da ya kafe a kan abu Tomie ne, ko da namiji ne.

Sai da ta yi wayo ta gane ashe Tomie tana nan da ranta. Ƙanwar kakanta ce, tana zaune ita kaɗai a garin Hagi da ke bakin teku, a wani tsohon gidan katako bayan kasuwar kifi. Mijinta masunci ne, teku ta ci shi tun suna da ƙuruciya, ba su haihu ba, ita kuma ba ta sake aure ba. Ta ƙare ƙarfinta ne a tura amalanken kifi lungu-lungu, daga bakin ruwa har unguwar maginan tangaran da ke gindin tsauni, zafi da sanyi. Wannan bai dami kowa ba. Abin da dangi suka kasa haɗiyewa shi ne inda ribar take tafiya. Rufinta yana yoyo ba ta gyara ba, rigar sanyinta guda ce har ta koɗe. Sai ta shekara da shekaru tana tara kuɗi, ranar da aka buɗe matoyar wani babban magini, wato inda yake gasa tangaran, ta yi wanka ta je ta tsaya cikin masu hali, ƙarnin kifi bai gama barin hannunta ba, ta zaɓi kwanon shayi guda ɗaya ta dawo da shi a rungume kamar ɗa.

A cikin jikokin gidan, Masumi ce mai riƙe da tsofaffin hotuna, ita ta san wa ya haifi wa, da inda kabarin kowa yake. Shi ya sa da Tomie ta zame a ɗakin wanka gwiwarta ta ƙi saituwa, dangi suka yanke shawarar a mayar da ita gidan tsofaffi da zarar sanyi ya wuce, ba a yi wata muhawara a kan wanda za a tura ba. Aka ce Masumi ta je ta zauna da ita, ta taya ta rage kaya.

Ta samu wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, mai kaurin wuyan hannu, tana zaune ƙafa ɗaya a miƙe.

"Ke ce aka aiko ki kwashe ni?" in ji Tomie.

"Taya ki na zo yi, Gwaggo."

"Haka masu kwasa suke cewa. Shigo, 'yar birni, cire takalmin nan naki mai ƙara."

Tomie ba ta yi gardama a kan tashi ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ta san gwiwarta. Ta kuma san cewa a can ba a barin mutum da tukunyar ruwan zafi ko abin fashewa a ɗaki, a kofin roba ake ba kowa shayi. Ita da kanta ta aika aka kira dillalin kayan shayi, don kwanukanta su sami gidajen kirki tun tana gani.

Dillalin ya zo, mutum mai ladabi. Ya cire agogonsa da zobensa ya ajiye gefe kafin ya taɓa komai. Kowane kwano yana da akwatinsa na farin katako, ɗaure da igiyar saƙa, kuma a jikin murfin akwai rubutun maginin da hatiminsa. Murfin yake fara karantawa, sannan ya dubi kwanon. Ya yaba, ya sake yabawa, ya ce ko a manyan gidaje ba kasafai ake samun zaɓi irin wannan ba. Suka daidaita ciniki, yana shirin tashi sai Tomie ta ce wa Masumi ta ɗauko wanda ke kan kanta kusa da murhu.

Wannan shi ne wanda take shan shayi da shi kowace safiya. Asalinsa fari ne, an ce. Yanzu shayin da ya daɗe yana ratsa siraran tsage-tsagen jikinsa ya mayar da shi launin ƙasa mai haske, wani wurin ja-ja, wani wurin kamar toka. Dillalin ya daɗe yana kallonsa.

"An rene shi da kyau," ya ce. "Ina akwatinsa?"

"Ba shi da shi."

Ya juya gindin, babu hatimi. Ya ajiye shi a hankali, ya ɗan ture shi gefe da yatsu biyu.

"Ki yi haƙuri, Baba. Wanda ba shi da akwati ba ni da bakin da zan ce ga wanda ya yi shi. A wurinmu sai dai ya bi kwanukan miya."

Da ya tafi, Masumi ta ce, "Gwaggo, ai ni sai in riƙe shi. Na san darajarsa."

"Ke kin sani. Wanda zai kwashe kayanki ranar da taki gwiwar ta ƙi fa? Zai ga tsohon kwano mai dauɗa, ya jefa a buhun shara. Na ga an yi wa maƙwabciyata haka, ina tsaye." Ta shafa bakin kwanon da babban yatsa. "Sai ya samu akwati kafin in bar gidan nan. Wanda ya yi shi yana nan da rai, kuma hannunsa yana rubutu."

A ranar ta ba Masumi labarinsa. Tana sabuwar bazawara, ta tura amalankenta ta bayan gidan maginan Urabe, ta tarar da ɗan gidan, Shinpei, saurayi a lokacin, yana tsaye a bakin tulin fasassun tangaran da kwando a hannu. Aikinsa na farko ke nan da aka sa a matoya, uban ya duba ɗaya bayan ɗaya ya ce duk a fasa. Haka dokar gidan take: abin da maigida bai yarda da shi ba, ba ya ƙetare ƙofa. Shinpei yana ta fasawa, har ya zo kan na ƙarshe ya tsaya yana juya shi. Tomie ta ce, in ba ka so ba ni in riƙa shan ruwa. Ya waiga bai ga kowa ba, ya cusa mata shi cikin amalanke, ita kuma ta ba shi kifi mafi girma da ke ciki. Daga wannan kwanon ta koyi shan shayi, daga shi ta koyi kallon sauran.

Shinpei kuwa yanzu babu mai kiransa Shinpei. Da ubansa ya rasu ya gaji sunan gidan, Tokubei, kamar yadda uban ya gada daga kaka. Mutane daga nesa suke zuwa su rusuna masa.

Suka hau mota suka tafi, Tomie da sandarta, kwanon naɗe cikin ƙyalle a cinyarta. Suka same shi zaune a rana a bakin rumfar aiki, dogon tsoho mai farin gira, yumɓu ya bushe a gwiwar wandonsa.

"Mai kifi," ya ce. "Ashe kina nan."

"Ina zan je, Malam, ban raka ka ba tukuna?"

"Bakin nan dai bai tsufa ba. Me kika kawo? Na ji kin ajiye amalanke."

Ta zauna a benci, ta warware ƙyallen a kan cinyarta. Masumi tana kallon fuskarsa. Da farko bai gane ba, launin ya ɓatar da shi. Sai idonsa ya sauka a kan bakin kwanon, inda ya ɗan karkace, murmushin ya bar fuskarsa.

"Na ɗauka ya daɗe da fashewa."

"Hannun da ya faɗa ba ya yar da kaya. Akwati nake so ka rubuta masa."

"Miƙo in gani."

"Daga nan ma kana gani."

Sai ya nuna wani ɗaki da haɓa. "Shiga can ki zaɓi duk wanda ranki ya kwanta da shi, da akwatinsa da hatimina, kyauta. Ki bar mini wannan."

"Ka yi me da shi?"

Ya dubi tulin fasassun da ke bayan rumfar, wanda yanzu ya fi mutum tsawo. "Abin da aka ce in yi tun farko. Mahaifina ya ce a fasa, na ce masa na fasa. Yanzu kuma in ɗauki sunansa in rubuta a kai?"

Tomie ta naɗe kwanonta, ta dogara sanda ta miƙe. "Sai na dawo, Malam."

A mota Masumi ta kasa haƙuri. "Gwaggo, kwanon Tokubei fa ya ce. Mutane layi suke yi shekara guda ba su samu ba."

"Sabon kwano jariri ne. Ki dube ni da kyau, ina da shekarun da zan fara reno?"

"To in ya ƙi har ƙarshe fa?"

"Ke dai ki riƙe mini sandar nan, ki bar lissafin ƙarshe."

Washegari ta sa Masumi ta auna kwanon da zare, aka kai wa kafinta ya yi akwati daidai da shi, murfinsa fari fes babu ko ɗigo. Daga nan zirga-zirga ta fara. Duk ranar da gwiwa ta yarda, Tomie za ta dafa kifi da citta da ruwan waken soya, irin dahuwar da ta san gidan Urabe suna so tun zamanin uwarsa, ta ɗauki akwatin nan wayam, su hau mota. Kwanon kuwa ba ta ƙara fita da shi ba. Ta zauna a benci, ta ajiye akwatin a gefenta inda zai gan shi duk sanda ya ɗaga kai. Shi kuma ya cinye kifin tas, ya sa a wanke mazubin a dawo mata da shi.

"Gishiri ya yi yawa yau, Mai kifi."

"Harshenka ne ya mutu. Ga akwati."

"Na gan shi. Kafintan ya iya aiki."

Sanyi ya tsananta, iskar teku ta riƙa shiga har ƙashi. Akwai ranar da Tomie ta kasa taka matakin mota, sai da direba ya sauko suka ɗaga ta shi da Masumi. Mahaifin Masumi ya riƙa bugo waya yana tambayar me ya hana a gama haɗa kaya, ga gidan tsofaffi sun riga sun ware ɗaki. Masumi, wadda aka aiko ta rage kaya, sai ta ji kanta tana ce masa, "Baba, akwai abin da ba a gama ba." Da ya ce wane abu, ta ce, "Akwati." Ya yi tsaki ya kashe.

Da itatuwan gefen hanya suka fara toho, saura kwanaki kaɗan a zo ɗaukarta, Tokubei ya fito daga rumfa ya zauna a ɗaya gefen bencin. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Tomie, ki daina wahalar da ƙafarki. Ko da zan rubuta, ban taɓa sa hannu a akwatin abin da ban riƙe ba. Babu maginin da yake yin haka. In kuwa na riƙe shi, kin san abin da ke wuyana."

"Na ji," ta ce.

Da suka isa gida ta zauna tana kallon kwanon a kan kanta, har ruwan da Masumi ta ɗora ya tafasa ya ƙone rabi. Sannan ta ce, "Gobe ki koma ki gaya masa ina gayyatarsa shayin ban kwana. Ki faɗa da ladabi, ki rusuna sosai, ba irin rusunawarku ta birni ba."

"Da wane kwano za ki ba shi?"

"Kwano nawa ya rage a gidan?"

"Gwaggo, zai fasa shi."

"Wataƙila. In na ɓoye shi ma buhun shara yana jiransa. Gara ya mutu a hannun mai shi."

A garin nan, mutumin da ya ci kifin mace tun yana saurayi ba ya ƙin shayin ban kwananta. Tokubei ya zo da hantsi, cikin tufafinsa na girma, shi kaɗai. Ɗakin ya riga ya zama wayam, sai tabarmi da tukunyar ƙarfe a kan garwashi, da akwatin nan fari a gefe, da tawada da alƙalamin gashi da Tomie ta sa aka jera kusa da shi ba tare da kunya ba. Ƙofar da ke fuskantar tsakar gida a buɗe take, kuma daidai bakinta akwai faffaɗan dutsen da ake taka wa a sauka, ga shi nan kusa da inda baƙo zai zauna, in ya so buga kwanon a kai ko miƙewa ba sai ya yi ba. Masumi ta lallaɓa za ta ja ƙofar.

"Bar ta," in ji Tomie. "Ba tarko na ɗana masa ba."

Ba ta iya durƙuso, sai ta zauna da ƙafarta a miƙe ta nemi afuwa. Ta ɗauraye kwanon da ruwan zafi, ta goge, ta zuba koren garin shayi, ta kaɗa da maburgin gora har ya yi kumfa. Ta juya kwanon fuskarsa ta kalli baƙo, ta ajiye a gabansa, ta janye hannunta ta ɗora a cinya.

Tokubei ya rusuna, ya ɗauka da hannu biyu. Ya sha a hankali har ya ƙare. Sannan, kamar yadda baƙo yake yi, ya sunkuya ya kafa gwiwoyin hannunsa a cinya, ya shiga duba kwanon. Ya bi bakin da yatsa. Ya karkata shi wajen haske yana kallon inda shayi ya rina. Ya kife shi ya daɗe a kan gindin, yana auna nauyinsa a tafin hannu. Masumi ta ga ya ɗaga ido ya dubi dutsen. Tomie ma ta gani, ba ta motsa ba.

"Gindin ya yi nauyi," ya ce. "Tsohona ya yi gaskiya."

"Ni za ka gaya wa? Wuyan hannuna ya sani kowace safiya."

"Kuma bakin ya karkace."

"Nan nake sa leɓena."

Ya sake juya shi. Saura abu guda da ke kan kowane baƙo kafin ya mayar da kwano, wato ya tambayi mai gida asalinsa.

"Aikin wane ne?"

"Wani Shinpei ne, ɗan gidan Urabe," in ji Tomie. "Bai iya sosai ba, amma yana da hannu. An ce daga baya ya zama wani abu."

Tsohon ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya ajiye kwanon a kan tabarma, can ciki, nesa da ƙofa. Sannan ya miƙa hannu ya jawo murfin akwatin.

"Tokubei ba zai sa hannu a wannan ba," ya ce. "Da uban da ɗan, duk ba za su sa ba. Ki sani, sunan da zan rubuta babu dillalin da zai yi rawar jiki a kansa."

"Wanda ya yi shi nake nema. Rubuta."

Ya tsoma alƙalami. Sunan da ya rabu da rubutawa tun yana da baƙin gashi ya ɗan ba shi wuya, sai da ya gwada shi da yatsa a kan gwiwarsa. Ya rubuta cewa kwanon shayi ne na Hagi, aikin Shinpei. Ba shi da hatimin wannan suna, sai ya dangwala babban yatsansa a jar tawada ya danna a ƙasa.

Da zai tafi ya tsaya a kan dutsen yana sa takalmi. "Shayinki ya yi kauri, Mai kifi."

"Ka shanye dai."

Ba su ƙara ganin juna ba. Tomie ta shekara biyu da wani abu a gidan tsofaffi, tana shan shayi a kofin roba tana kushe kifin da ake dafa musu, har ta rasu cikin barcinta. Dangi da suka taru sun fi tuna taurin kanta, aka yi ta dariya, Masumi ba ta musa musu ba.

Can baya, ranar da motar da za ta kai ta gidan tsofaffi za ta zo ne, da safe, Tomie ta sha shayinta na ƙarshe a kwanon, ta goge shi, ta ce kada a rufe shi sai ya kwana biyu yana shan iska, in ba haka ba zai yi wari. Ta nuna wa Masumi yadda ake ɗaure igiyar akwati, ta sa ta kwance ta sake har hannunta ya faɗa. Sannan ta riƙe mata wuyan hannu, riƙon da ya fi ƙarfin jikinta.

"Abu ɗaya zan roƙe ki, 'yar birni. Ki nemo masa mai shan shayi kullum, ba mai ajiya ba. Ba ke ba, ke gahawa kike sha a tsaye. Kada ki yi sauri. Ki je gidan mutum ki zauna, ki ga yadda yake goge nasa kwanon in ya gama. In hankalinki ya kwanta, ki ba shi. Kuma ki gaya masa gindin yana da nauyi, kada ya zo daga baya ya ce mun ɓoye masa."